Hannun Sarkin Gangara

Shekara talatin da huɗu Sarkin Gangara ya yi yana tuƙa katafila guda a wani kamfanin gina hanyoyi. Sarautar ba ta gado ba ce, abokan aiki ne suka naɗa shi, don duk inda hanya ta biyo ta kan tudu, shi ake kira ya sauko da ƙasa. Gajere ne mai kaurin wuya, ƙarar inji ta daɗe da kashe masa kunnen hagu. In ka yi masa magana ta wannan gefen sai ya ce maka madalla, ko da cewa ka yi gidansa ya kama da wuta.

Katafilar ta girme shi a aikin. Ba ta da ɗakin direba, sai wata rumfar kwano da ya haɗa mata da kansa, kujerar kuwa buhu ne aka ninka huɗu. Ba ta tashi da makulli. Wani ƙaramin injin fetur ne a gefenta, shi ake fara ja da igiya, ya gama tarinsa, sannan ya tayar da babban. Matarsa takan ce ko surukarta ba ta kai wannan ƙarfen son lallashi ba.

Sitiyari babu. Sanduna biyu ne a gabansa: ka ja ta hagu, sarƙar hagu ta saki, katafila ta karkata hagu. Amma a gangara, in nauyinta ya fara tura ta, abin juyewa yake yi. Sarƙar da ka saki ita ce ke gudu, sai ta kai ka ɗaya gefen. Don haka mai son hagu, dama zai ja. Direbobi da yawa sun san wannan da ka, shi kuwa hannunsa ne ya haddace.

Da kamfani ya sayo sababbin katafiloli, manaja ya tara tsofaffin direbobi ya ce za a gwada kowa. Wanda ya iya ya ci gaba da aiki, wanda ya kasa a sallame shi. Sarkin Gangara ya ji tsoro, don bai iya komai a duniya ba sai wannan.

Kwana uku ana koya musu. Sabuwar tana da ɗakin gilashi mai sanyi, da wata 'yar sanda guda wadda ba ta fi cokali ba. Inda ka karkata ta, nan za ta bi, a tudu ko a gangara. An faɗa masa ta kunnen dama, ya kuma gane sarai.

Ranar gwaji da safe ya share fili ya yi sumul, har kanikawa suka fito kallo. Saura gangaren bayan garejin kamfanin. A ƙasansa akwai tankin ruwa a dama, shi kuma hagu zai bi. Yana jin katafila ta fara saukowa, sai hannunsa ya tafi dama. Tanki ya kife, ruwa ya malale har cikin rumfar kanikawa. Ba wanda ya ji ciwo. Ba kuma wanda ya yi dariya, wannan shi ya fi ƙona masa rai.

Manaja ya ƙaraso yana tattare ƙafar wando. "Baba, ba komai. Tanki ne, za a gyara. Ka manta ne, gobe ka sake."

"Yallaɓai, ban manta ba," in ji shi. "Ina ta faɗa a raina, hagu, hagu. Hannun ne ya ƙi ji."

"To, gobe zai ji."

"In kuma gobe ba tanki ba ne a wurin fa?"

Sarkin Gangara ya cire hular kwanon kamfani daga kansa ya miƙa wa manaja, ya bi kanikawa ɗaya bayan ɗaya yana ba su haƙurin jiƙa musu kaya.

Kafin azahar ya isa gida. Matarsa na shanya, ta dube shi, ta dubi kansa da ba hula. Ya tsaya a tsakar gida, bai san inda ake zama a wannan lokacin ba. Sai ta je ta sauke kwandon wanki daga kan kujera.