Gwangwanin Mama, daga Gwantu zuwa Kafanchan

Tun zakara bai gama cara ba muka bar Gwantu, ni da Mama, cikinta ba komai saboda gwajin suga. Ga asibiti nan kusa da gida, amma shekara tara ke nan Kafanchan take zuwa karɓar maganin HIV, don kada 'yan zumuntar mata na cocinsu su gan ta a layi. Daga baya hawan jini da ciwon suga suka ƙaru a kai. A watan nan sau biyu jiri yana kayar da ita a bakin murhu, ga rama. Tsorona ɗaya ne, kada maganin ya daina yi mata aiki.

Motar da muka shiga irin wadda sai an tura ce, kuɗinta kuma ya ƙaru, direba ya ɗora laifin a kan fetur kamar kullum. Buhunan citta ne a bayanmu, ƙamshinsu har cikin ido. A Gidan Waya masu ƙosai da gasasshiyar doya suka rufe taga. Yunwa nake ji, amma ina zan iya ci a gabanta? Ita kuwa ta rungume jakarta, idonta a rufe. Duk ramin da muka faɗa sai na taɓa hannunta in ji ko da ɗumi.

Ashe asibitin ɗaki uku za mu zaga, kowace cuta da layinta da katinta. Tsofaffi sun fi yadda na zata yawa, wani baba da sanda har yana tambaya wane layi ne na ciwon ƙafa. Sai wajen azahar muka shiga wurin nas. Ta auna jinin Mama, ta sake aunawa, ta ce ya sauka ƙwarai.

"Mama, ina magungunanki?"

Mama ta ciro gwangwanin madara, ta buɗe. Ƙwayoyi iri uku a haɗe, an cusa auduga a kai.

"Ina robobin?"

"Na ƙona su, Sista. Wannan roba kowa ya san ƙaransa. Idan ya yi magana a jaka, an gama da ni a coci."

Nas ta zube su a faranti tana warewa. Na hawan jini ya kusa ƙarewa tun lokacinsa bai yi ba, na HIV kuwa ga shi nan tuli. Suga ya rage wa Mama gani, ƙwayoyin biyu kuma sun yi mata kama. Makonni tana shan ɗaya sau biyu, tana tsallake ɗayan.

Ni na kawo dabarar gwangwanin nan, shekarar da Baba ya rasu. Har audugar ni na saya, ina jin na yi wayo.

Aka ɗebi jininta don a ga ko ƙwayar cutar ta tashi, sakamako sai bayan makonni. Nas ta ba mu sabbin robobi, ta ɗaura wa ɗaya jan zare, ɗaya baƙi, ta ce kada a sake juye su. Muka sha kunun gyaɗa marar suga a bakin tasha, Mama tana mita wai ba shi da maraba da ruwan wanki.

A hanyar dawowa motar cike take da mutanen garinmu. Muna faɗawa ramin farko robobin suka yi kacau-kacau a jakarta. Wata mata ta waigo. Na yi maza na cire ɗankwalina zan naɗe su, Mama ta riƙe mini hannu.

"Bar shi ya yi ƙara. Shirunsa ne ya kusa kashe ni."

Mun iso gida da la'asar, har yanzu muna jiran sakamako, kuma hankalina bai kwanta ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, shekara tara ina tsare sirrin Mama, ban taɓa zama na duba abin da take haɗiya ba. Ita ta ce in rubuta wannan. Gwangwanin yanzu gishiri ne a ciki.