Darnin da Mahaifina Ya Ɗaure

Shekarun baya ina da 'yar rumfar raga a bayan garinmu, kusa da Bazaga, inda nake noman tumatir cikin buhuna cike da ƙasa da taki. Da farko ta yi mini kirki, har tafiyata ta koma ta babban manomi. Sai ƙasar ta gaji. Ta daskare, farin gishiri ya fito a samanta, in na zuba ruwa sai ya tsaya yana kallona. Tumatir ko fure ba ya riƙewa.

Wani abokina a Konni ya ce maganinta kara ne: a daddatsa karan gero, a jiƙa, a haɗa da kashin awaki, a rufe ya ruɓe, sannan a cakuɗa da tsohuwar ƙasar. Ya ce tsohon kara ya fi saurin ruɓewa. To, tsakiyar rani ne, daminar kuma ba ta yi kyau ba, mai kara dabbobinsa yake tattala wa. Na kai har Dogarawa da amalanken jaki, na dawo wayam. Na fara shirin bin sa'o'ina ci-rani, har na wanke jakata.

A gidanmu akwai darnin kara da ya kewaye ɗakin mahaifiyata, shi ne na ƙarshe da mahaifina ya ɗaure kafin rasuwarsa. Kowace kaka mutane na sake nasu, ita kuwa ta hana a taɓa shi. Ya yi baƙi, gara ta ci gindinsa, sai tokare shi take yi da itace.

Wata safiya na tarar da ita da wuƙa tana yanke igiyoyinsa.

"Inna, mi kike yi haka?"

"Kawo amalankenka," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na ji tsohon kara kake biɗa."

"Wanga fa aikin Baba ne."

"Na sani. Shi ya tahi, ba ya dawowa. Kai ne ban son ka tahi."

Na jawo amalanken. Ina lodi ina murza ido, wai ƙaiƙayi ne ya faɗa mini.

Karan ya ruɓe, ƙasar ta yi laushi, tumatir ya kama, ban kuwa tafi ba. Ita ta ƙarasa ranin nan da tsohon zane rataye a ƙofar ɗakinta, sai da kaka ta zo na ɗaure mata sabon darni. Ta duba ta ce ɗaurin bai kai na Baba ba, kuma gaskiyarta ne.

A lokacin murnar tumatir ce ta cika mini ciki. Sai da na haifi nawa 'ya'yan na san nauyin abin da ta yanke da wuƙar nan, har yau kuma in na tuna zuciyata takan karye. Kowace kaka ina ƙara wa buhunan sabon kara. Abokina na yawan cewa in zubar da tsohuwar ƙasar in zuba sabuwa. Nakan ce masa to, amma ban taɓa zubarwa ba.