Gida Nawa, Dabino Nata

Ba don kyau na sayi tsohon gidan nan na Gaya ba, don ba shi da shi. Ƙofa nake so wadda zan rufe in jefa makullin a jakata, kowa ya tsaya a waje sai na ce ya shigo. Na yi zaman gidan gandu a Toranke, inda ko miya kika ɗora sai wata ta buɗe tukunyar ta leƙa. Da maigidana ya rasu na kwaso 'ya'yana mata biyu muka dawo Gaya, inda nake koyarwa a firamare, muka shiga haya. Nan ma mai gidan hayar sai ya kai tsakar gida sannan yake tuna sallama. Saboda haka ranar da dillali ya ce akwai gida, ban tsaya wani dogon zaɓe ba.

Gidan wani malami ne da ya daɗe da rasuwa, jikokinsa mazauna birni suka sa shi a kasuwa. Zaure ne na ƙasa, sai ɗakuna uku a jere waɗanda gara ta gama da azararsu, daɓe duk ya farfashe, ga warin jemage. A kusurwar yamma ta tsakar gidan kuma akwai wani dogon dabino da ya fi duk gine-ginen unguwar tsawo. Na kalle shi sau ɗaya na yanke masa hukunci, domin daidai inda yake tsaye nan na ga falona.

Wayata cike take da hotunan gidajen mutane, na daɗe ina tarawa. Na san abin da nake so. A sauke rufin ƙasa a ɗora kwano da silin. A faɗaɗa tagogin nan masu kama da ramin ɓera, iska ta shigo. Ƙaramin ɗakin ƙarshe a mai da shi banɗaki na cikin gida, mu huta da fita makewayi da damina. A yi filasta, a shafa fenti ruwan madara, a shimfiɗa tayil tun daga zaure har kicin. Falo kuwa a tayar da shi da bulo a kusurwar yamma, mai faɗin da doguwar kujera za ta zauna ta bar wa baƙo wurin miƙe ƙafa.

Ranar da na zo da mai gatari, da hantsi, na tarar da wata dattijuwa zaune a gindin dabinon, ta cire takalmi tana cin goro. Doguwa ce, busasshiya, mai idon da ba ya sauka. Na ɗauka maƙwabciya ce ta zo ganin aiki, na gaishe ta.

Ta ce, "Sannu 'yar nan. Wannan gatarin na mene ne?"

Na ce, "Bishiyar za a sare, Iya. Falo zan yi a wurin."

Ta tofar da tukar goro a ƙasa ta ce, "To ki fara nemo bishiyarki, sai ki sare."

Ita ce Gwaggo. Haka masu gidan suke kiranta, haka unguwa take kiranta, ƙanwar ubansu ce, tana aure a Kademi. A ranar muka dangana da gidan mai unguwa, ina tafe ina huci. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malama, ai gida kika saya. Dabino kuwa tun ranar da aka raba gadon malam ya faɗa a kasonta. Maza suka ɗauki ɗakuna, ita ta ɗauki dabino. Ƙasar taki ce, bishiyar tata ce, kuma ba a hana mai bishiya zuwa wajen bishiyarsa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, me ya sa ba a faɗa min ba?"

Ya ce, "Wa zai tsaya faɗar abin da kowa ya sani?"

Ban rasa sanin al'adar ba. A gonar su maigidana a Toranke akwai ɗorawa biyu da ba nasu ba, duk shekara masu su suke zuwa su kaɗe kayansu su tafi, ba wanda ke ɗaga kai. Amma waccan gona ce. Wannan tsakar gida ce, inda mace ke zama da ɗaurin ƙirji. Na kira jikan da ya sayar min a waya, ya ce, "Ayya, wallahi mun sha'afa," ya kashe. Na koma wa Gwaggo na ce ta yi wa dabinon kuɗi, ko nawa ne. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce ita ba ta kawo komai kasuwa ba.

Na tsani matar nan, ba zan ɓoye ba. Ita ma ba ta ɓoye nata ba.

Duk ranar kasuwa sai ta hawo babur daga Kademi ta sauka a ƙofata. Na sa get na ƙarfe mai sakata biyu, sai ta riƙa dukansa da dutse har maƙwabta su leƙo. In na buɗe ta wuce ni ko kallo babu, ta tsaya a tsakar gida tana bin aikin da harara. Fentina ta ce kamar na asibiti. Silin ta ce rufin 'yan ƙarya, rana ɗaya ta bazara zai nuna mana. Ranar da ta ga an kafa masai a ɗakin ƙarshe ta leƙa daga bakin ƙofar, sannan ta juyo.

"Ɗakin innata kika mai da shi wurin ba-haya?"

Na ce, "Ɗakin innarki an sayar, Gwaggo. Ni banɗakina nake gani."

Da mai tayil ya zo na ce ya shimfiɗa har jikin dabinon, kada ya bar ko tafin hannu na ƙasa. Ya yi yadda na ce. Ranar kasuwa ta zo ta gani, ta fita ta aro fartanya a maƙwabta ta ɓamɓare duk wanda ke kewaye da gindin, ta tara min gutsattsarin a ƙofar kicin, ta kwara wa bishiyarta ruwa daga randata. Lokacin fure ta zo da mai hawa ya ɗaura wa dabinon furen namiji, ƙato da shi yana can sama yana ganin komai na gidana, 'yan matana suna kulle a ɗaki har ya sauko. Lokacin nuna ya dawo yanka, ya saki wani reshe mai ƙaya ya loɓa min sabon kwano. Ta ce ai kwanon ne ya zo ya sami dabino.

Ni ma ban zauna ba. Na hana yarana taɓa ko ƙwaya ɗaya da ta faɗo. Kullum da safe nakan share su tare da ƙura da kashin kaji, in zuba a tsohon kwano in ajiye mata a waje, gefen kwata. Ta ce wa matan unguwa 'ya'yana ɓarayin dabino ne. Na ce musu su gaya mata dabinon nata ko awaki sai sun ji yunwa.

Abin da ya kai ni bango ya faru ne wata ranar Laraba. Na bar wa mai fenti get a buɗe na tafi makaranta. Na dawo bayan azahar na ga takalmanta a ƙofar ɗakina, ɗakin kwanana, wanda ko maƙwabciya ban taɓa shigarwa ba. Na ɗaga labule na same ta a kan dardumata tana tahiya. Na tsaya a kanta har ta sallame.

Ta ce, "Nan malam yake salla. Alƙiblar tana nan daidai, ba ku karkatar da ita ba."

Na ce, "Fita."

"A gidanmu?"

"Gidanku yana Kademi. Fita, kafin in manta da furfurarki."

Washegari na je wa mai unguwa da dabara. Tun da bishiyar tata ce, to zan kewaye mata ita da katanga, in fasa mata ƙofa ta lungu, in ba ta makulli. Ta zo wajen dabinonta duk lokacin da ta ga dama, amma ƙafarta kada ta sake taka tsakar gidana. Ya jinjina kai ya ce shari'a ba ta hana ba, sai dai zan yi asarar kusurwa. Na ce na yarda.

Haka aka tayar da falona a gutsure, kamar wainar da yaro ya ciza ya ajiye. Bangon yamma ya tafi ya tafi, sai ya lanƙwaso ciki ya kauce wa dabino. Doguwar kujerar da na yi wa kafinta oda ta ƙi shiga ko ta ina, dole aka yanke ta biyu. Duk baƙon da ya shigo sai ya tambaya me ya sami wannan ɓangaren. Ta gefena na sa an yi filasta da fenti, na rataya agogo. Ta gefenta na bar bulo tsirara, kuma na sa magini ya ƙara layi biyu a sama don kada ko tsaye ta hango ciki.

A gaban mai unguwa na miƙa mata makullin. Ta buɗe kwaɗon ta shiga. Wurin bai wuce shimfiɗar tabarma ɗaya ba. Ta juya ta dubi bangon nan, ta dubi wancan, ta ɗaga kai ta dubi dabinon.

Ta ce, "Daga nan ba a ganin ƙofar ɗakin kowa."

Na ce, "Shi ya sa aka yi."

Ta ce, "Kin iya gini, 'yar nan." Ta rufe ta tafi.

Na sami abin da nake so, kuma na ji daɗinsa. Na ɗinka labulaye, na shimfiɗa kafet, na jera tukwanen fulawa a inda take zama da. Ba mai dukan get. Nakan zauna a tsakar gidana ba ɗankwali in sha iska, in ce alhamdu lillahi da ƙarfi.

Bayan wasu watanni, wata safiya ina shirin makaranta, sai na ji sara a sama. Na fito na ga mai hawa a kan dabinon da gatari, ya riga ya zubar da kan, da 'ya'yan ɗanyu a jiki. Gunduwa-gunduwa suke yankawa suna zurowa da igiya cikin lungu. Unguwa ta taru. Gwaggo tana tsaye gefe da goronta tana ba da umarni. Na ratsa mutane na isa gabanta, ko mayafi ban yafa daidai ba.

"Kin san za ki sare shi kika bari na lalata falona?"

Ta ce, "Nawa ne. Ranar da na so na sare."

"Na ce ki sayar min kin ƙi! Ina ce dabinon kike so?"

Ta ce, "Dabino ko a kasuwa akwai shi. Ke a zatonki dabino ne ke ɗauko ni tun daga Kademi?"

Ta sa aka loda gungumen a amalanke, ta datse kwaɗonta, ta hau babur. Mata suna ta salati. Ni kuwa da fushin ya ɗan lafa sai na ga ai faɗuwa ta zo min daidai. Ba bishiya, ba haƙƙi. Ƙasar tawa ce tun farko. A rushe katangar, a miƙar da bango, a haɗe kujerata. Na yi wa magini magana ya zo da guduma, na aika wa mai unguwa ya zo ya shaida a fasa kwaɗon.

Mai unguwa ya zo, ya sunkuya ya sa ido a tsagar ƙyauren. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe ya ce, "Malama, zo ki gani."

Na leƙa. A jikin kututturen, ta gefen da rana ke faɗawa, akwai ɗan tsiro da bai wuce gwiwa ba, kore shar, irin wanda dabino ke fitarwa a gindinsa. An kewaye shi da duwatsu. Ƙasar wurin a jiƙe take.

Ya ce, "Wannan daga gindin nata ya fito. Nata ne." Ya dubi magini ya ce ya mayar da gudumarsa.

Yanzu tsiron ya kai ƙugu, in ji masu leƙe, don ni ban ƙara dubawa ba. Gwaggo ta faɗa a gaban mutane cewa bayan ranta na 'yarta ne. Duk ranar kasuwa ina zaune a gutsurarren falona nakan ji tsayuwar babur a lungu, in ji kwaɗo ya buɗe, in ji ruwa yana zuba a bayan agogona. Ba ta sallama, ba na tari. Ta ɗan jima, sai kwaɗon ya rufe.

A jakata akwai makullin get, da na falo, da na ɗakin kwana, har da na banɗaki. Ƙofa ɗaya ce a jikin gidan nan ba ni da nata, kuma ni na biya kafinta ya kafa ta.