Jinyar Ɗan Fari

Ni ne ɗan farin Inna, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta cin abinci a gabana, ba ta haɗa ido da ni. A garinmu Zakka wannan ba abin magana ba ne, kunya ce, kowa ya san da ita.

Da ciwon suga ya kwantar da ita, ina koyarwa a Safana, damina kuma ta riƙe kowa a gona. Ni na kai ta asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta zo da tambayoyinta, amma ni take kallo, tunda ni ne mai biro a aljihu. Me take ci? Tana iya zagayawa da kanta? Wa zai zauna da ita? In aka juya ga Inna sai ta ja mayafi ta ce, "Alhamdulillahi." Haka aka tsara komai a kaina, ni ne mai ba ta abinci da magani.

Kullum kunu sai ya huce a kwano. "Na ƙoshi," in ji ta, fuskarta na kallon bango. Tana ta ramewa, ni kuma ina ta tada jijiyar wuya wai maganinsu ba ya aiki.

Wata safiya ma'aikaciyar ta dubi kwanon, ta dube ni, ta ce, "Malam, ɗan ba mu wuri." Na fita na zauna gindin itacen bedi ina huci. Da ta fito ta ce Inna ta shanye kunun tas, kuma tana so a ɗauko mata ƙanwarta daga Tsaskiya.

"Akwai saura," ta ce, tana sunkuyar da kai. "Cewa ta yi, a ce ma wancan shi koma wurin ɗiyan mutane, ya baro su ba karatu."

Maganar ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Na hau babur na ɗauko ƙanwar tata, na koma aji. Inna ta fara ci, har hira ake ji daga gadonta, sai dai jiki ya riga ya yi nisa. Har yau ina takaicin kwanakin da aka ɓata ba wanda ya keɓe da ita ya ji abin da take so.

Da yamma nakan je in durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe ta, ta amsa wa bango. Wata rana ina aji, ina cikin rubutu a allo, aka zo aka kira ni, Inna ta cika.