Kafar da Kaka Ta Hana a Toshe

A gidanmu na Fagge ba a zubar da komai. Ruwan wankin shinkafa na akuya ne. Ɓawon lemo a shanya shi a ƙona wa sauro. Zanin da ya mutu ya koma tsumman goge ɗaki, in ya sake mutuwa a naɗe shi ya zama gammo. Duk wannan dokar Kaka ce, mahaifiyar Babanmu, Babarbariyar da aka kawo Kano tana 'yar yarinya, ta tsufa a nan amma harshenta bai gama sakin Borno ba. Turaren wuta take haɗawa amare suna saye. Ciwo kuwa, kafin a ambaci kemis sai an bi ta hannunta. Zazzaɓi ta dafa darbejiya, mura ta daka citta da kanumfari, in tari ya kama yaro ta barbaɗa ganyen tazargade a kaskon wuta ya shaƙa.

Abu ɗaya ne bai dace da tattalinta ba. Tagar ɗakinta ta katako ce, kuma daga sama an ɓalle mata gefe, kafar da hannun babba zai shige. Matar da ba ta barin ƙwayar gero a ƙasa, ga ta tana barin turarenta mai tsada yana zurarewa ta nan, maƙwabta suna shaƙa kyauta. Da damina feshi ya riƙa shigowa. Wata rana Baba ya dawo daga rumfarsa ta huluna a kasuwar Bata da kafinta a bayansa.

Ya ce, "Inna, ruwa yana jiƙa miki katifa."

Ta ce, "Katifata ce ko taka? Sallami bawan Allah ya je ya nemi abincinsa a gidan waɗanda suka gaji da duniya."

Kafinta ya kwashi kayansa yana dariya. Baba bai yi dariya ba, bai kuma sake tayar da maganar ba.

Tatsuniya ma daga tattalin ta samo asali. In an sauke tuwo bayan magariba, garwashi yakan rage a murhu, ita kuma ba ta yarda ya mutu a banza. Sai ta kwashe shi a kasko, in da gyaɗa a gasa, in babu mu gasa ƙafafunmu. Ranar da ake ruwa mu shige ɗakinta da kaskon, ni da yayata Yagana da 'ya'yan kawunmu. Ni take kira Kunnen Zomo, don ko raɗa aka yi a zaure sai na kawo ta cikin gida. Boko ba ta zauna mini a kai ba, aji huɗu na tsaya, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita.

Takan ce, "Ga ta nan a bakin ƙofa."

Mu ce, "Ta shigo, an yi mata shimfiɗa."

Tana da na Gizo da na kura, muna shan dariya. Amma akwai guda ɗaya da sai ana ruwa take yin ta, kuma in za ta fara takan daina juya gyaɗar.

Wai an yi wata mata, Gambo, mai 'ya'ya biyar, wadda duk garin babu mai tattalinta. Ko ɓera ya san gidanta ba wurin kwana ba ne, sai guda ɗaya mai taurin kai da ya ƙwaƙule mata gindin ƙyaure, kullum ta toshe kullum ya buɗe. Wata damina tari ya kama yaranta duka. Sai wata tsohuwa mai wucewa ta ba ta ɗan guntun itace, ta ce ta ƙona a garwashi su shaƙa. "Amma rabin hayaƙin ne naki. Rabi na iskar Allah ne mai kaɗawa. Ki bar mata hanya ta shigo ta ɗauki rabonta."

Gambo ta juya itacen a hannu, ta ga ko tsawon yatsa bai kai ba. Ta ce, "Iska ta haifa mini ɗa ne da zan raba magani da ita?" Ta tara yaranta a ɗaki, ta cika kasko da garwashi, ta bi kowace kafa ta cusa tsumma.

A nan Kaka takan rage murya.

"Ba ta sani ba, cikin kowane garwashi akwai wani mai zama. Sunansa Mai Lallashi. Ba shi da launi, ba shi da wari. Ba ya cizo, ba ya yaƙushi. Iska kaɗai yake tsoro, in tana shiga tana fita sai ta yi awon gaba da shi. In kuwa aka rufe mata ƙofa, sai ya miƙe a hankali ya zauna kusa da kai. Ya fara dafa maka goshi, ka ji kanka ya yi nauyi. Sai ya riƙa bubbuga bayanka kamar uwa, yana cewa, kwanta, ka gaji, kwanta."

Tana faɗa tana bubbuga bayan wanda ya fi kusa da ita. Rannan ni ce. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Tari ya tsaya. Gambo ta yi hamdala, ta ce magani ya ci. Ta jingina da bango don ta ɗan huta. Da gari ya waye maƙwabta suka ji shiru, suka ɓalle ƙyaure. Ɗaki sai ƙamshi. Uwa da 'ya'ya kwance lafiya lau, fuskokinsu sun yi kyau kamar masu mafarkin alheri. Aka tashe su, ba su tashi ba. Sai 'yar autar kaɗai, da ta gangara cikin barci hancinta ya dace da gindin ƙyaure, inda ɓeran nan ya janye tsumma ya kai raminsa.

"Tatsuniya ta naɗe tabarmarta," in ji Kaka. "Kowa ya ci gyaɗarsa."

Yagana ta ce, "Kaka, ke dai ba ki iya ƙarshe ba. Ina laifin ki tashe su?"

"Je ki tashe su ke, uwar iya."

Ni kuma na ce, "To ita autar tana ina?"

Ta dubi kaskon. "Tana nan. Ta tsufa."

Tsoron da na kwasa ba kaɗan ba ne, sai dai na ɗauke shi a juye. A hankalina na yarinya, duk abin tsoro daga waje yake zuwa. Na riƙa kallon kafar tagar nan, baƙa ƙirin, ina jiran in ga yatsun Mai Lallashi. Wata rana da yamma hadari ya haɗu, aka shigar da kasko, na taka akwatin Kaka na cusa ɗankwalina a kafar. Kaka ta shigo da buta a hannu. Ba ta taɓa dukana ba, rannan ma ba ta dake ni ba, amma gara ta dake ni. Butar ta faɗi. Ta fizge ɗankwalin, ta durƙusa ta riƙe kunnuwana biyu.

"Kunnen Zomo, ji da kyau. Ba ta nan yake shigowa ba. Ta nan yake fita."

Na ji, na ajiye. Amma ajiya daban, tunawa daban.

Kaka ta rasu shekara guda kafin aurena. Aka kai ni Sabon Gari, gidan haya mai ɗakuna da yawa, mu ɗaki ɗaya da taga mai gilasai jere. Maigidana yana shago a wajen kasuwar Kwari, tun safe sai magariba. Ƙofar da ke kallon tawa ta Iya Sikira ce, Bayarabiya mai sayar da tattasai, haifaffiyar Fagge, Hausarta ta fi tawa gishiri. Kullum tana yi mini tsiya wai in aka bar ni sai na wanke ashana na sake kunnawa. Ni kuwa daɗi nake ji, don na san gadon wa na ɗauko.

'Yata ta fari sunan Kaka ta ci, muna kiranta Ummi. Tana shekara uku tari ya kama ta cikin damina, kwana huɗu yana hana ta sakat. Na ba ta zuma da citta. Rannan tun hantsi ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, layinmu ya zama kogi. Na duba, tazargaden da ya rage bai cika tafin hannu ba. Na hura gawayi a bakin ƙofa, ko gama kamawa bai yi ba na shigar da kaskon don kar feshi ya kashe shi. Na barbaɗa maganin. Sai na ga hayaƙin yana bin taga yana fita.

Wallahi abin da na ce a raina ke nan: ɗan wannan ne zan bari ya tafi a banza?

Na rufe gilasan duka. Na rataya bargo a kansu. Na naɗe tsohon tawul na danna a gindin ƙofa. Har wani daɗi na ji, na ce yau da Kaka tana nan da ta yaba mini.

Na ɗora Ummi a cinya. Ɗakin ya yi ɗumi. Hayaƙin magani ya ƙare, na ƙara gawayi don ɗumin ya daɗe. Can sai tarin ya lafa, ta yi lamo a jikina. Na ce alhamdu lillahi, magani ya ci. Kaina ya ɗan fara sarawa ta goshi, na ce rashin barcin kwana huɗu ne. Zuciyata ta ɗan tashi, na ce ban karya da kyau ba. Na jingina da bango. Ruwa yana dukan kwano, wani barci mai daɗi yana jana, irin wanda ban taɓa ji ba. Hannuna yana bubbuga bayan Ummi, na ji bakina yana cewa, "Kwanta, kin gaji, kwanta."

Kunnena ne ya cece mu. Na ji maganar, na san ba tawa ba ce, na san inda na taɓa jin ta.

Na ce, "Ummi." Shiru. Na ɗaga hannunta, ya faɗo kamar tsumma. Fuskarta ta yi kyau.

Na yunƙura in tashi, ƙafafuna suka ce ba su san zancen ba. Daga inda nake zuwa ƙofa taku huɗu ne, amma rannan ya fi mini Borno nisa. Na kwantar da ita a kan zani, na kama bakin zanin ina ja ina rarrafe. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro har yau, ina cikin rarrafen wani sashe na zuciyata yana ce mini in ɗan huta tukuna, ba sauri ake ba. Na kai hannu na janye tawul. Iska mai sanyi ta bugi fuskata ta gindin ƙofa. Na sa hancin Ummi a wurin. Sakata ta gagare ni, sai na riƙa dukan ƙofar da kofin silba.

"Maman Ummi, lafiya kike fasa mana kunne?" Muryar Iya Sikira ce.

Na ce, "Gawayi."

Kafaɗa ta sa ta ɓalle sakatar. Ta ɗauke kaskon ta yi jifa da shi tsakar gida cikin ruwa, ta fizge bargon, ta suri Ummi ta yi baranda da ita. Matan gida suka taru. Wata ta ce a kawo manja, wata ta ce madara.

Iya ta ce, "Yarinyar da ba ta haɗiya za ku ɗura wa manja? Ku matsa ku ba ta iska. Wani ya tsayar mana da adaidaita."

Iya ce ta goya Ummi, ruwa har gwiwa, wasu mata biyu suka riƙe ni. A asibiti aka sa mana abin numfashi a hanci, ni da Ummi. Ina kwance ina kallon ƙirjinta, ina roƙon Allah ya dawo mini da tarin nan da na kwana huɗu ina neman kashewa. Wajen la'asar ta yi tari, ta buɗe ido ta ce tana son ruwa. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mini gawayi yana fitar da wata guba da ba a ganinta, ba a jin warinta, in ɗaki a rufe yake sai ta kwantar da mutum. Na ce na san shi, har sunansa na sani. Ta dube ni kamar ciwon ya taɓa mini kai.

Da muka warware na je Fagge gaida Baba. Na tarar an ba wani ɗan haya ɗakin Kaka, an sa sabuwar taga. Na zauna na ba Baba labari, sannan na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba, ko Kaka tana da 'yan'uwa.

Ya juya hula a hannu. Ya ce, "Su biyar ne. Huɗu rana ɗaya suka rasu da mahaifiyarsu. Shi ya sa aka kawo ta Kano wurin gwaggonta. Ba ta son zancen."

Ashe tana son zancen. Duk damina sai ta yi mana shi, ta sa wa uwarta suna Gambo don ta iya faɗa.

Na yi shekaru ina juya abin. A da na ɗauka tatsuniyar tana zagin rowa ne. Yanzu na ga Gambo ba marowaciya ba ce. Uwa ce da magani ya yi wa kaɗan, 'ya'ya suka yi mata yawa, ta so kowane ya samu. Abin da ya sa ta toshe kafa shi ya sa ni, kuma da za a tambaye mu a lokacin, cewa za mu yi ƙauna ce. Har gobe ina shanya ɓawon lemo, ina dafa citta. Amma tarin da ya wuce kwana biyu asibiti nake kai shi, garwashi kuma ba ya zama a ɗakina da ƙofa a rufe.

Ranar da muka dawo gida daga asibiti na zare gilashi ɗaya daga saman tagar, na naɗe shi a tsumma na tura ƙarƙashin gado, don ba a zubar da abu. Mun sake gida sau biyu, kowanne sai na zare. Ummi yanzu tana da nata 'ya'yan, in ana ruwa sukan taru a ɗakina, in ce musu ga ta nan a bakin ƙofa. Bara da damina maigidana ya shafa gefen gado ya ji danshi.

Ya ce, "Bintu, ruwa fa yana jiƙa mana katifa."

Na ce, "Bar shi ya jiƙa, Malam. Gobe ma rana ce, sai mu shanya."