Jirgin da Gwaza Ba Ta Rufe Ba

Duk wanda ya san Sinan Magaga a tsibirinmu na Lanyu ya san abu biyu game da ita: ba ta da haƙuri ko na sisin kwabo, kuma babu macen da ta kama ƙafarta a noman gwaza. Sunanta na yarinta ya ɓace tun ranar da ta haifi 'yar farinta, Magaga, don a wurinmu da zarar mutum ya haihu sunan ɗansa ya zama nasa. Ita ta koma Sinan Magaga, mijinta ya koma Syaman Magaga. Tana 'yar shekara goma sha shida ta tsallaka Taiwan, ta yi shekara huɗu a wata masana'antar takalma, inda ake kiranta da sunan da wani malamin makaranta ya laƙaba mata. Ta dawo da ciwon baya da rantsuwar ba za ta ƙara sunkuyar wa kowa da kai ba, kuma har yau ba ta karya rantsuwar ba.

Surukarta ce ta bar mata fangali bakwai a jikin tudu, ɗaya a saman ɗaya, kowanne da katangarsa ta duwatsu. Ruwa yakan fito daga idon ruwa a can sama, ya shiga na farko, ya gangara na biyu, har ya fice ta na bakwai ya nufi teku. Abu ɗaya tsohuwar ta nanata mata har ta mutu: gwaza ruwa mai sanyi take so, mai tafiya. Idan ya tsaya ya ɗumama, tun daga ƙasa take ruɓewa, ganyenta kuwa yana nan kore shar kamar ba abin da ya faru.

Da mijinta ya kai shekara sittin da takwas sai ya ce zai sassaƙa jirginsa na ƙarshe, mai zane, ja da fari da baƙi, da ido zagayayye a hancinsa. Jirgi mai zane ba ya taɓa teku sai an yi masa biki, biki kuma ba ya yiwuwa sai an binne jirgin da gwaza daga hanci zuwa wutsiya, yadda ko tsinken katako ba za a gani ba. Jirgin na miji ne, tulin gwazar na matarsa. Ranar bikin maigida yakan tsaya gaban baƙi ya rera cewa matarsa malalaciya ce, gwazarsu 'yar kaɗan ce, a yi haƙuri da su. Sai babban baƙo ya mayar masa da waƙa ya ƙaryata shi, ya ce tulin nan ya fi tudu tsawo, kowa ya yi ta dariya. Ko bayan shekara talatin mutane ba sa manta wace ce ta rufe jirgi, wace ce ta kasa.

Shi ya sa kafin ya sare ko da itace ɗaya sai da ya tambaye ta.

"Uwar Magaga, za ki iya?"

"Ni kake tambaya? Kai dai ka tabbata hannunka zai iya riƙe gizago, tsoho."

Shekara uku tana cikin ruwan nan. Ta cire ciyawa da yatsu, ta tsince dodon koɗi, ta gyara katanga duk bayan guguwa, ta yi faɗa da aladen maƙwabta har ta karya wa ɗaya ƙafa. Ana saura wata uku biki gwiwarta ta ƙi. Likita ya ce sai an yi mata aiki a garin Taitung, can Taiwan, in ba haka ba ranar bikin a zaune za ta karɓi baƙi. Ta tafi tana zage-zage, ta bar amanar ruwan a hannun Magaga, wadda ke da masaukin baƙi mai ɗaki shida a bakin hanya.

"Safe da yamma ki hau ki duba bakin magudana. Ko ganye ne ya tare, ki cire."

"Inna, na ji. Sau nawa za ki faɗa?"

"Sai ya shiga kunnen ƙashin nan naki."

Kwana arba'in ta yi a asibiti da gidan ɗanta, sannan iska ta hana jirgin fasinja tashi har kwana tara. Lokacin kuwa tsakiyar zafi ne, lokacin da 'yan yawon buɗe ido ke sauko mana kamar fari. Sukan fito daga jirgi fuska a kwaɓe don amai, kafin awa ɗaya sun hayi babur sun bazu. Akuya ta kwanta a titi, hoto. Kifi a kan shanya, hoto. Tsoho yana zaune a rumfarsa yana shan iska, sai a cusa masa waya a hanci ba ko sannu. Wallahi da za su iya ɗaga rufin gida su ɗauki mai barci da sun yi.

Ranar da ta dawo, Magaga ta ɗauko ta a babur daga bakin ruwa. Suna zuwa mararrabar da ke hawa tudu Sinan Magaga ta ga babura sun fi ashirin a jere.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Inna. Mu je gida ki huta tukuna."

"Tsaya."

"Likita fa ya ce..."

"Na ce ki tsaya!"

Ta hau tudun da sandar asibiti, tana ɗingishi tana haki. Abin da ta tarar a fangalin sama layi ne, layi sosai irin na karɓar magani. Wata budurwa cikin farar riga tana tsaye a kan katangar da surukarta ta jera da hannunta, ta baza hannuwa, saurayinta ya tsuguna yana ɗauka. Ruwan ya kwanta lumui, gajimare da tudu da faffaɗan ganyen gwaza duk sun fito a cikinsa. Sai a lokacin ta lura ba ta jin ƙarar ruwa. A bakin magudana an cusa wani faffaɗan dutse, an ma shafa masa jan fenti don kada a sha wahalar nemansa.

"Ke! Uban wa ya ce ki hau nan?"

Wani mai tabarau ya juyo. "Kaka, ki yi haƙuri, layi ake bi."

"Layin uwarka! Gonata ce!"

"Kaka, ɗan matsa mana, kina shiga hoton," in ji saurayin.

"A'a, bar ta," in ji budurwar. "Ta ma yi kyau da sandar. Kaka, kalli nan!"

Sandar ce ta fara isa gare su kafin ita. Ta tsinke layin nan kaf, wani ya faɗa fangali na biyu da takalminsa. Mai tabarau ya ja da baya yana miƙo mata wayarsa kamar garkuwa, yana cewa su ba su yi laifi ba, abin da aka rubuta suka bi, kowa haka yake yi. Ta fizge wayar. Ga shi nan dalla-dalla: a hau tudu, a nemi jan dutse, a toshe magudana, a jira minti goma, ruwa zai zama madubi. Mutum dubu nawa ne suka tura wa juna, ba ta tsaya karantawa ba. Hoton farko ta kalla, da sunan da ke ƙarƙashinsa, sunan masaukin 'yarta.

Ta jefar da wayar a ciyawa, ta shiga ruwan da ɗinkin gwiwarta da komai. Ɗumi ta ji a ƙafarta kamar shayin da ya huce. Ta kama gindin gwaza ɗaya ta ja, sai ya taho mata ba gardama, ƙasansa baƙi, ta matsa ya fashe a tafinta yana wari. Ta ja na biyu, ta ja na goma. Ta fizge jan dutsen ta wurga shi gangare, ruwa ya kwararo da sanyinsa, amma me zai yi wa abin da ya riga ya mutu? Fangali huɗu na sama, waɗanda suka fi manyan gwaza, sun tafi.

Magaga tana tsaye a bakin katanga tana kuka.

"Minti goma ne kawai, Inna. Da safe nake kawo baƙina, in sun gama in cire. Ban san wasu za su riƙa zuwa da kansu su bar shi a toshe ba. Ina hawa, wallahi ina hawa, in cire, kafin in sauka wasu sun mayar."

"Wa ya shafa masa fenti?"

Magaga ta share hawaye da bayan hannu.

"Wa ya shafa masa fenti, na ce!"

"Ni ce."

"Shekara talatin da huɗu ana kirana da sunanki. Ko'ina na shiga, uwar Magaga, uwar Magaga. Na bar nawa na ɗauki naki. Abu ɗaya na ce ki riƙe mini, ruwa, ruwan da ke tafiyarsa da kansa, shi ma sai da kika tare shi don wata mai farar riga ta ga hancinta!"

"Zan sayo wata daga Taiwan. Buhu nawa ne? A jirgin jibi za ta iso, ba wanda zai sani."

"Gwazar kasuwa a kan jirgin ubanki? Matan nan da ke gane gwazar juna tun daga nesa? Rufe mini baki kafin in manta ni na haife ki."

Ƙanwar mijinta ta zo a ɓoye ta ce za ta ba ta kwando ashirin. Sinan Magaga ta yi godiya ta ce a'a, don tulin da aka yi da aro ba tulinta ba ne, kuma ƙanwar miji ba ta iya riƙe magana ko ta kwana ɗaya. Ɗage biki ma bai yiwu ba. An riga an zaga ƙauyuka shida an gayyaci mutane, aladu da awaki sun yi ƙiba, jirgi ya bushe yana jiran ruwa. Mijin ya zauna kusa da jirginsa yana shafa shi, wannan kuwa ya fi ci mata rai fiye da in ya zage ta.

Ta sa murjaninta da malfarta ta katako kamar yadda ake yi, ta haƙe fangali uku na ƙasa har da 'yan ƙananan da a da aladu take zuba wa. Maza suka jera gwazar a kan jirgi tun da hantsi, suna lallaɓawa, suna baza ta don ta kai. Ta rufe wutsiya, ta rufe ciki. Da aka zo hanci sai kwanduna suka ƙare. Kamu ɗaya ya rage, daidai inda idon yake, ja da fari, a buɗe yana kallon jama'a.

Da la'asar baƙi suka iso, maza da bante da hular azurfa. A bayan igiyar da aka ɗaura kuma ga 'yan yawon buɗe idon nan na babura, wayoyi a sama. Syaman Magaga ya fito ya tsaya gaban babban baƙo, wani dattijo daga ƙauyen arewa wanda ya rera wa jirage goma sha ɗaya. Ya buɗe baki ya rera abin da ubansa da kakansa suka rera: matata ba ta da ƙoƙari, gwazarmu kaɗan ce, ba ta kai ta rufe ɗan jirgin nan ba, ku yi haƙuri da mu.

Ba wanda ya yi dariya. Mata suka sunkuyar da kai. Dattijon ya kalli tulin, ya kalli idon jirgin, ya daɗe. Ba zai rera ƙarya a gaban ƙauyuka shida ba. Sai ya ɗaga murya ya yabi katako, ya yabi zane, ya yabi hannun da ya haɗa jirgi ba ƙusa ko ɗaya, ya yi ta yabo har ya ƙare waƙarsa bai ambaci gwaza ba. Sinan Magaga tana tsaye ƙyam, murjani a wuya, ta ji kamar an tuɓe ta a tsakiyar kasuwa. Ba za a sake wani jirgi a gidan nan ba, ita ma ta sani, kowa ma ya sani.

"Kai, mun yi sa'a!" in ji wata murya daga bayan igiya. "Waɗannan sun bar idon a buɗe don a ɗauka. Matso, matso, ta nan ya fi fitowa!"

Ta ɗaga sandarta, amma wani ya riga ta motsawa. Magaga ce ta ratsa mutane ta zo ta tsaya a gaban hancin jirgin, ta juya masa baya, ta rufe idon da jikinta. Fuskarta ta kumbura da kuka. Nan take bayan igiya ya kaure.

"Malama, matsa mana!"

"Ke mai baƙar riga, kin tare!"

"Ai ita ce mai masaukinmu. Anti! Anti, ɗan gusa kaɗan!"

Magaga ta kalli uwarta, karo na farko a sati shida da ta yarda idonsu ya haɗu. Sinan Magaga ta sauke sandar a hankali. Ba ta yafe ba, kuma ba ta yi kamar ta yafe ba.

"Tsaya nan," ta ce. "Ko ƙafarki za ta karye, kada ki motsa sai baƙon ƙarshe ya gama waƙa."