Yadda Na Nemo wa Mama Gasaya

Daminar da Baba ya rasu, Mama ta daina cin abinci. Ba ta yi gardama da kowa ba. Sai a ajiye mata tuwo ta ce ta gode, in an dawo a tarar da shi ya sandare. Matan coci suka yi ta sintiri gidanmu a Barnawa da kuloli, duk a banza. Zanenta ya fara zagaye ta har da saura. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga alamar bin Baba take shirin yi.

Abu ɗaya ta taɓa ambata: wani ganye da kakarmu take dafa musu a ƙauye, can Filato. Da yarensu ta san sunansa, ni kuwa haihuwar Kaduna ce, yaren nan ko gaisuwa ban iya da kyau ba. Na kai sunan kasuwar Kakuri, masu ganye suka yi ta kallona. Wata ta turo mini alayyahu, wata ta rantse ugu nake nufi. Mama ta dubi abin da na kawo ta juya fuska bango.

A lokacin ina karatun kimiyyar tsirrai. Malamarmu, wata 'yar Binuwai mai gajeren haƙuri, ta sa kowa ya kawo ganyaye ya gina abin da ake kira mabuɗi. Za ka raba tsirran gida biyu da tambaya ɗaya, ka sake raba kowane gida biyu, har kowane tsiro ya tsaya shi kaɗai. Ni da saurin baki na ce tambayata ta farko ita ce: ana ci, ko ba a ci? Wani ɗan ajinmu Ibo ya ɗaga ganyen da na jefa cikin na banza, ya ce uwarsa da shi take miyar Lahadi. Aji ya kwashe da dariya.

Malama ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Wa ya tambaye ki al'adar gidanku? Ki yi tambayar da baƙo zai amsa da idonsa. Ganyen guda ne ko a rarrabe? Gefensa sumul ne ko mai haƙora? In kin karya, yana fid da farin ruwa ko ba ya yi?"

Na ji haushinta, amma a Keke Napep ɗin komawa gida na kasa daina kallon bakin hanya. Tun ina yarinya ciyawa ciyawa ce a wurina, kore kawai. Ranar sai na ga wannan ganyensa biyu-biyu suke fitowa suna fuskantar juna, wancan ɗai-ɗai suna hawa kamar matakala, kuma duk inda irinsa ya tsiro haka yake, bai taɓa mantuwa ba. Har a bakin kwata tsarin nan yana nan. Na ce ashe haka Allah ya tsara abin nan, muna takawa muna wucewa.

Da na isa gida na zauna bakin gadon Mama. Na bar zancen suna.

"Mama, ganyen nan, itace ne ko ƙaramin tsiro?"

"Ƙarami."

"Yana yaɗo ko a tsaye yake?"

"A tsaye. Ke wai 'yan sanda kika koma?"

"Ganyen guda ne, ko ƙanana ne a haɗe?"

Sai ta zaro hannu daga cikin zane ta ware yatsunta biyar. Rabon da in ga ta yi wani motsi da niyya har na manta. Daga nan ita ta riƙa gaba ina bi. Ta ce karan yana da gashi, yana ɗan manne wa hannu, kuma a bayan garken shanu ya fi yawa. Kowace amsa tata sai in ji rabin dajin duniya ya faɗi, saura rabi.

Asabar na hau mota zuwa ƙauyen Kakau, inda na san akwai shanu da gonaki. Na bi amsoshin ɗaya bayan ɗaya, har na tsaya a kan tsiro iri biyu, duka masu yatsu biyar, duka masu manne hannu. Ɗaya furensa rawaya, ɗaya fari da wasu dogayen zare kamar gashin bakin kyanwa. Tambaya ɗaya ta rage, ban kuwa yi mata ita ba. Na kira ta a waya.

"Mama, furen fari ne ko rawaya?"

"Fari mana! Wa zai ci mai rawayan?"

Na durƙusa a gaban tsiron na daɗe ina kallonsa. Wata mata da ke cirar ciyawa a gonarta ta leƙo ta ce, "Gasaya kike so? Ɗebi, ai ya dame mu."

Na cika leda na kawo gida. Mama ta murza ganye ɗaya ta kai hanci, ta rufe ido. Na ɗauka kuka za ta yi. Sai ta buɗe ido ta ce na tsinko tsofaffi da yawa, kuma in ni zan dafa, ɗaci zai hana kowa ci.

Ta sauko da ƙafafunta ƙasa, ta dafa kafaɗata ta miƙe.

"Ɗauko mini turmi," in ji ta. "Akwai sauran gyaɗa a gidan nan?"